Yadda Aka Sauya Mini Maganin Ciwon Damuwa a Garwa

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare da ke Garwa a arewacin Kamaru, kuma tun ƙarshen shekarar 2022 nake shan maganin ciwon damuwa. A cikin wannan lokaci an ɗauke ni daga magani na farko zuwa na biyu, daga baya kuma zuwa na uku, kuma wurin da na fi shan wuya a tafiyar duka shi ne tsallakawa daga wannan magani zuwa wancan. Ana yawan ce wa mai wannan ciwo ya daure ya sha magani, amma ba kasafai ake faɗa masa abin da jikinsa zai yi ba a ranar da aka rage maganin, ko aka sauya shi, ko ya ƙare a gari.

Ciwon ya shigo mini ne bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa da farko kowa ya ɗauke shi a matsayin zafin rashi. Sai dai watanni suka shuɗe, 'yan'uwana suka koma harkokinsu, ni kuwa ina ƙara nutsewa. Nakan farka tun kafin kiran assalatu barci ya ƙi dawowa, abinci ya fita daga raina, in tsaya gaban allo in rasa bakin zaren lissafin da na yi shekara da shekaru ina koyarwa, ga faɗuwar gaba wadda ba ta da dalili. An yi mini rubutu na sha, an yi tofi, kuma har yau ban bar addu'a ba, amma yayana ne ya dage sai mun je asibiti. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa a arewacin Kamaru, yawancinsu suna Yawunde da Duwala, kuma wanda zai je asibitin Jamot da ke Yawunde daga nan sai ya bi mota zuwa Ngaundare ya kwana a jirgin ƙasa. Allah ya taimake ni na samu likita a nan gida wanda ya san aikin, tare da wani malamin jinya da ya ƙware a fannin, kuma su biyun ne suke riƙe da ni har yanzu.

Maganin da aka fara ba ni shi ne amitiriftilin, wanda a farmasi aka fi saninsa da Laroxyl. Tsohon magani ne da ake amfani da shi tun farkon shekarun 1960, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ga arha, kuma da wuya a rasa shi a gari. Kafin likita ya rubuta shi ya tambaye ni ko ina da ciwon zuciya, ya auna bugunta, ya kuma tambayi yayana ko na taɓa shiga wani yanayi na rawar kai da yawan surutu da rashin buƙatar barci, domin mai irin wannan tarihi ciwonsa daban ne, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar masa da shi. An fara ni da miligiram 25 da dare, ana ƙarawa mako-mako har aka kai 100. Ya kuma kira uwargidana ya ce mata, “Hajiya, ke za ki riƙe maganin nan. Ki ba shi na dare kawai, sauran ki ajiye inda yara ba za su kai ba.” Dalilinsa shi ne wannan magani idan aka sha shi fiye da kima yana taɓa zuciya har ya kai ga rasa rai, don haka ba a barin mai yawa a hannun wanda ciwon ke kan ganiyarsa. Ban ji haushin wannan tsari ba, domin a lokacin akwai dararen da tunanin mutuwa ke zuwar mini, kuma na faɗa wa likitan haka da bakina.

Barci ya dawo mini tun a makon farko, amma sauƙin rai bai zo ba sai da aka doshi wata guda, kuma an riga an faɗa mini cewa haka waɗannan magunguna suke, illarsu takan riga amfaninsu isowa. Illar kuwa ta zo da nauyinta. Bakina yakan bushe har harshe ya riƙa manne wa ganɗa ina tsakiyar darasi, bayan gida ya yi tauri, kaina ya yi nauyi tun safe har hantsi, jiki kuma ya fara ƙiba saboda kwaɗayin zaƙi da ban saba da shi ba. Malamin jinya ya bayyana mini cewa maganin, ban da aikinsa a kan damuwa, yana toshe wani sinadarin jijiyoyi mai suna asetilkolin, wanda shi ke motsa yawu da hanji da gumi, sannan yana sa jini ya sauka idan mutum ya miƙe tsaye da sauri. A cikin sanyin hunturu na iya jure duk wannan. Amma azumin 2023 ya faɗo ne daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, daidai lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, kuma mutumin da magani ya rage wa gumi da yawu, ba ruwa a cikinsa tun asuba, yana cikin haɗari na gaske a irin wannan rana. Nakan ɗago daga sujada duhu ya rufe mini ido, sai na dafa wanda ke kusa da ni a sahu. Limamin unguwarmu ya ce mini, “Malam, marar lafiya Allah ya yi masa rangwame, ka sha ka rama daga baya,” kuma na bi maganarsa a ranakun da abin ya yi tsanani. Bayan ƙaramar salla na koma wurin likita na ce ba zan iya ci gaba da koyarwa a haka ba.

Ya yarda a sauya, ya kuma zaɓi faroksetin, wanda ake sayarwa da sunan Deroxat, saboda fargaba da faɗuwar gaba suna cikin manyan alamun ciwona. Wannan yana cikin magungunan baya-bayan nan da aikinsu ya fi karkata ga wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin. Na ɗauka zan ajiye tsohon da dare in ɗauki sabon da safe, sai ya ce a'a, ya jawo takarda ya zana mini jadawali. Za a riƙa rage amitiriftilin da miligiram 25 a kowane mataki, a tsaya mako ɗaya ko biyu, har a sauko ƙasa sosai, sannan a shigo da rabin ƙwayar faroksetin, a janye ragowar tsohon, daga baya a cika sabon zuwa miligiram 20. Jikin da ya saba da magani wata da watanni ba ya son a janye masa shi farat ɗaya, wannan na fahimta nan take. Abin da ban sani ba shi ne na hanta. Sinadarin da hanta ke narkar da amitiriftilin da shi, faroksetin yana danne shi, don haka idan aka haɗa su biyun da cikakken ƙarfinsu, tsohon zai taru a jini fiye da yadda aka nufa, ya dami bugun zuciya.

Saukowar ta juya mini illolin baya ne a kife. Bakin da ke bushewa ya koma tara yawu, cikin da ke ƙullewa ya koma murɗa da zawo, barcin da maganin ya ba ni ya tsinke, na shiga mafarkai dogaye masu firgitarwa waɗanda nakan farka daga gare su jiƙe da gumi. A kan wannan kuma faroksetin ya ɗora nasa tashin zuciya da wani irin rashin natsuwa a makonnin farko, in kasa zama wuri ɗaya, in yi ta kai da komowa a tsakar gida. Likita ya sa ina zuwa ganinsa akai-akai a wannan tsakani, ya kuma ce wa uwargida ta sa mini ido, domin farkon shan magani da lokacin sauya shi su ne lokutan da tunanin cutar da kai ke iya ƙaruwa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi kan haka a 2004 game da yara da 'yan ƙasa da shekara 18, ta kuma faɗaɗa shi a 2007 zuwa ga waɗanda ba su kai shekara 25 ba. Ni na wuce waɗannan shekaru da nisa, amma ya ce duk wanda ya taɓa yin irin wannan tunani sai an kula da shi a wannan gaɓa, ko shekarunsa nawa ne. Kafin damina ta yi nisa komai ya lafa.

Faroksetin ya yi mini aiki, kuma ba zan ɓoye wannan ba don kawai daga baya mun rabu da wahala. Na fi shekara ina shan sa, na koma aji da ƙarfina, fargabar ta tafi, na dawo zama da mutane a majalisa bayan isha'i. Abin da ya rage shi ne yawan gumi, da ƙibar da ta ci gaba, da wata illa wadda kunya ke hana maza faɗa, kuma a ganina rashin faɗarta yana cin aure a ɓoye. Sha'awata ta ragu ƙwarai, biyan buƙata a shimfiɗa kuma ya zama da wuya. Uwargida ta yi shiru tsawon lokaci, daga baya ta tambaye ni ko wani laifi ta yi, ko kuwa raina ya koma wani wuri ne. Da na kai maganar gaban likita bai nuna mamaki ba. Ya ce wannan yana cikin illolin da aka fi sani a duk magungunan wannan rukuni, faroksetin kuwa yana sahun gaba, ya kuma hana ni sayen maganin ƙarfin maza na bakin kasuwa wanda ba a san abin da ke cikinsa ba. Na mayar wa uwargida bayaninsa kamar yadda ya faɗa, hankalinta ya kwanta, muka yanke shawarar a ci gaba tunda ciwon ya yi sauƙi.

A farkon watan Satumba na 2024, daidai lokacin komawa makaranta, na kai takardar magani farmasin da na saba saye aka ce babu. Na zaga wasu, amsar ɗaya ce, kaya bai iso daga kudu ba, in dawo mako mai zuwa. Rana ta farko ba tare da magani ba ban ji komai ba. Bayan haka sai jiri ya fara, irin wanda idan na juya kai sai in ji kamar ɗakin ya biyo ni daga baya. Sai ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, da sanyi-sanyi haɗe da gumi, da tashin zuciya. Sai kuma wani abu da ban taɓa ji ba a rayuwata, wanda ko bayyana shi yana da wuya: duk lokacin da na kai ido gefe da sauri sai in ji wani fizga a cikin kai kamar jan lantarki, na ɗan ƙiftawar ido, wani lokaci har ya sauko zuwa leɓe da yatsu. Hawaye sukan zo mini ba dalili, ƙaramar hayaniyar yara ta sa in yi musu tsawa, abin da ba halina ba ne. Mahaifiyata da ta gan ni ta ce iska ce, maƙwabta suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ba su yi laifi ba, domin a ƙarshen damina a bakin Binuwai duk mai ciwon kai da sanyi da ciwon jiki abin da ake fara zato ke nan.

Abin da ya hana ni aika yaro ya sayo maganin zazzaɓi a kan tebur shi ne wani gargaɗi da likita ya yi mini tun ina shan amitiriftilin, cewa Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, ba ya jituwa da shi, kuma kada in sha wani magani sai na faɗi abin da nake sha. Don haka na je aka ɗigi jini a yatsa aka yi gwajin gaggawa, aka ce babu ƙwayar cutar. Aka auna zafin jiki, shi ma daidai yake. Daga nan na wuce wurin malamin jinyarmu, na zayyana masa komai, ina tsoron ciwon ne ya dawo. Tambayarsa ɗaya ce: “Malam, yaushe rabonka da ƙwayar?” Da na faɗa masa sai ya ce ba ciwon ba ne, alamun yankewar magani ne. Ya kira likita a waya, ni kuma na kira wani abokin aikina a Ngaundare, ya samo kwali ɗaya ya ba direban motar fasinja. Na sha da yamma, washegari jirin ya ragu da fiye da rabi, kafin mako ya zagayo na koma daidai.

Wannan saurin warkewa shi kansa shaida ne, kuma malamin jinyar ya zauna ya koya mini yadda ake bambanta abubuwan biyu, ilimin da nake ganin ya kamata a ba duk wanda aka ɗora a kan irin wannan magani tun ranar farko. Alamun yankewa suna zuwa ne cikin 'yan kwanaki da daina sha ko ragewa, alhali ciwon damuwa idan zai dawo yakan ɗauki makonni ko watanni yana rarrafowa. Alamun yankewa suna zuwa da abubuwan da ba sa cikin ciwon asali, kamar jirin da fizgar nan ta cikin kai. Kuma idan aka mayar da maganin sukan kau cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali damuwa ba ta jin magani sai bayan makonni. Dalilin da ya sa faroksetin ya yi ƙaurin suna a nan shi ne yana fita daga jini da sauri, rabinsa yakan tafi cikin kamar kwana guda. Lissafin a bayyane yake: bayan kwana ɗaya saura rabi, bayan biyu saura rubu'i, bayan uku saura sumuni, kuma ƙwaƙwalwar da ta yi fiye da shekara tana daidaita kanta da maganin ba za ta iya sake daidaituwa a cikin kwana uku ba. Wani magani mai suna benlafaksin, wanda ake kira Effexor, ya ma fi shi saurin fita, shi ya sa su biyun aka fi jin koke a kansu.

Kawuna da ya ji labari ya zo gida ya ce mini, “Ɗana, ai wannan shi ne shaye-shaye. Duk abin da in ka bari jikinka zai ɗauki rawa, ya zama ƙwaya.” Na fahimci tsoronsa, domin duk wanda ke zaune a Garwa ko Marwa ya ga abin da tiramol ya yi wa samari, musamman masu baburan haya da 'yan ga-ruwa da masu aikin ƙarfi. Amma abubuwan biyu ba ɗaya ba ne, kuma na faɗa masa haka cikin ladabi. Ban taɓa jin maye ko annashuwa daga ƙwayata ba, ban taɓa jin kwaɗayin ƙara ta biyu ba, kuma adadin da na fara da shi ya ishe ni har ƙarshe. Jikina ne ya saba da ita, kamar yadda jikin mai shan wasu magungunan hawan jini ke sabawa har a hana shi yanke su lokaci ɗaya. Wannan bambanci yana da muhimmanci a wurina, saboda na san mutanen da suka watsar da maganinsu rana ɗaya don gudun a kira su 'yan ƙwaya, suka faɗa cikin irin halin da na shiga, sannan suka ɗauki wahalar a matsayin hujjar cewa maganin guba ne.

Da na samu sauƙi na karanta abin da na iya samu kan batun, na tarar su kansu likitocin Turai ba su daɗe da gyara maganarsu ba. An yi shekaru ana cewa alamun yankewa ba su da nauyi kuma sukan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. A 2019 ne hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci jagorar magani, ta sauya jagorarta, ta amince cewa a wurin wasu mutane alamun suna yin tsanani kuma suna iya ɗaukar watanni. A wannan shekara ce kuma masu bincike biyu, Mark Horowitz da David Taylor, suka wallafa wani bayani a mujallar Lancet Psychiatry wanda ya ja hankalina a matsayina na malamin lissafi. Sun nuna daga hotunan ƙwaƙwalwa cewa alaƙar yawan magani da tasirinsa ba miƙaƙƙen layi ba ce. Ɗan kaɗan na farko shi ke yin mafi yawan aikin, ƙarin da ke biyo baya kuwa tasirinsa raguwa yake yi. Ma'anar haka ita ce saukowa daga miligiram 20 zuwa 10 ƙaramin tsalle ne idan aka kwatanta da saukowa daga 5 zuwa babu, don haka ya kamata matakan ƙarshe su fi na farko ƙanƙanta da jinkiri. Wani babban nazari da mujallar ta fitar a 2024, wanda ya tattara bayanan sama da mutum 20,000, ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida ko bakwai ne ke samun alamun da maganin kansa ya haddasa, masu tsanani kuma kusan ɗaya cikin 35. Wasu masana suna ganin adadin ya fi haka ga waɗanda suka daɗe suna sha.

Abin da waɗannan rubuce-rubuce ba su cika taɓawa ba shi ne halinmu a nan, inda sau da yawa ba marar lafiya ne ke yanke shawarar dainawa ba, kasuwa ce ko aljihu ke yanke masa. Wannan ne ya sa muka zauna da likita muka sake duba lamarin. Ya ce tunda ciwon ya taɓa yin nauyi sosai bai ga lokacin dainawa ya yi ba, amma zai fi son in koma kan fuluwoksetin, wanda aka sani da Prozac. Shi ma yana cikin jerin muhimman magunguna, ya fi samuwa, kuma yana daɗewa a jiki ƙwarai, domin rabinsa yana ɗaukar kwana huɗu zuwa shida kafin ya fita, abin da hanta ke mayar da shi kuma ya fi haka daɗewa. Wanda ya rasa shi na 'yan kwanaki ba zai faɗi irin faɗuwar da na yi ba. Ya gaya mini gaskiya cewa matsalar shimfiɗa ba lalle ta tafi ba tunda rukuninsu ɗaya, kuma wannan daɗewar a jiki tana da nata sharaɗi: idan wata rana aka so barin sa zuwa wani magani sai an jira ya ragu a jini, akwai ma wani tsohon rukuni da sai an jira mako biyar cur kafin a fara shi.

Ba a fara ba sai da na tara maganin da zai kai ni ƙarshen jadawalin, tsohon da sabon duka, a hannun uwargida. Wannan sharaɗi ni na kawo shi, likita kuma ya amince. An raba ƙwayar faroksetin biyu, tunda tana da tsaga a tsakiya, na zauna a kan miligiram 10 na wasu makonni. Ko a wannan ragi jirin ya leƙo, fizgar ma ta dawo jefi-jefi, amma sanin abin da ke faruwa ya cire mini rabin wahalar, domin a karon farko tsoro ne ya fi ciwon yawa. Na daina hawa babur da kaina a waɗannan makonni, na roƙi a mayar mini da darussa masu nauyi zuwa hantsi, na rage shayi mai ƙarfi da yamma. Da jiki ya daidaita sai aka tsayar da faroksetin, washegari da safe na fara kafso ɗaya na fuluwoksetin mai miligiram 20, bayan na karya kumallo don rage tashin zuciya. Makonnin da suka biyo baya su ne mafi wuya a wannan sauyi, saboda tsohon ya fita da sauri, sabon kuwa a hankali yake taruwa. Barci ya yi ƙaranci, abinci ya sake fita raina, hannuna yakan ɗan yi rawa idan na riƙe alli, raina kuma yakan ɓaci da wuri. Na riƙa rubuta abin da na ji kowace rana a bayan littafin darasi, layi ɗaya ko biyu, kuma wannan ya taimaki likita ƙwarai wajen gane cewa alamun raguwa suke yi duk da ni a cikinsu ban gani ba.

A cikin waɗannan makonni ne wani ƙanena, da ya ga ina fama da ciwon jiki, ya kawo mini tiramol da kyakkyawar niyya, ya ce, “Yaya, ka sha ɗaya kawai, za ka ji garau.” Ban sha ba, domin mai farmasi ya riga ya ja mini kunne tun ranar da na sayi sabon maganin. Tiramol shi ma yana ƙara serotonin, kuma haɗa shi da fuluwoksetin ko faroksetin yana iya sa sinadarin ya yi yawa har ya zama guba, mutum ya ruɗe, ya yi ta gumi da karkarwa, tsokoki su riƙa fizga, zafin jiki ya hau, wani lokaci har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa nan take. Mai farmasin ya ƙara da cewa ibufurofen da dikulofenak ma a yi hattara da su, domin idan suka haɗu da wannan rukuni haɗarin zubar jini a ciki yana ƙaruwa, ya ce in tsaya kan farasitamol idan ciwon jiki ya dame ni. Na zaunar da ƙanena na bayyana masa duk wannan, saboda na san ba ni kaɗai zai yi wa irin wannan tayi ba.

Zuwa tsakiyar hunturu fizgar ta ɓace gaba ɗaya, barci ya daidaita, nauyin jikina ya fara sauka. Matsalar shimfiɗa ta ragu amma ba ta tafi duka ba, kuma mun karɓe ta a haka na ɗan lokaci, ni da uwargida, bayan mun yi magana a buɗe. Azumin 2025 na yi shi cikakke, ina shan kafson a lokacin sahur, kuma ban ga duhun da na gani shekara biyu da suka wuce ba duk da zafin bai ragu ba. Yanzu ba na barin maganin da ke hannu ya gaza na wata guda kafin in nemi wani, kuma sunansa da adadinsa suna rubuce a wata 'yar takarda cikin aljihuna don in nuna wa duk ma'aikacin lafiyar da zai rubuta mini wani abu.

Maganar dainawa gaba ɗaya ta taso a ganawarmu ta baya-bayan nan. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci gaba da sha aƙalla wata tara zuwa goma sha biyu bayan alamun ciwon sun kau, sannan a sauko a hankali, kuma na cika wannan wa'adi. Mun tsayar cewa ba za a taɓa komai ba sai an gama jarrabawa da gyaran takardu, a shiga dogon hutu, lokacin da ba ni da aji a gabana. Tunda kafso ba ya rabuwa, za a fara da shan sa rana ɗaya a tsallake ɗaya, abin da ke yiwuwa da fuluwoksetin saboda daɗewarsa a jini amma bai dace da faroksetin ba. Likita ya gargaɗe ni cewa da wannan magani alamun yankewa, idan za su zo, suna iya jinkirtawa har makonni, don haka kada in yi saurin cewa na tsallake. Zan ci gaba da zuwa ganin malamin jinya a kowane mataki, uwargida da yayana sun san alamun dawowar ciwon da za su lura da su, kuma an amince cewa idan wani mataki ya yi nauyi za a koma na bayansa a tsaya, ko da saukowar za ta kai mu cikin sabuwar shekarar karatu.